Gwangwanin Maganin Inna Marka

A gidan su Abdulrahman da ke Unguwar Tudu, magani ba shi da mai shi. Ko wa likita ya rubuta wa, da zarar ya ƙetare zaure ya zama na gida, gida kuwa na Inna Marka ne. Tana da wani tsohon gwangwanin madara babba a ƙarƙashin gadonta, a nan take tara komai: ragowar ƙwayoyin zazzaɓi, man zafi, maganin ido da ya shekara uku, har da rabin kwalbar maganin tarin marigayi mijinta. Duk wanda ya tashi da ciwo a unguwar wurinta yake fara zuwa, ita kuwa ta zura hannu ta zaɓo masa bisa launi da ƙamshi. Ana yabonta, ana cewa hannunta a buɗe yake. Ba wanda ya taɓa tambayar na wa take bayarwa.

Abdulrahman shi ne autanta, shi kaɗai ya rage a gabanta bayan yayyensa sun watsu neman abinci. Ba mugu ba ne, wannan kowa zai shaida. Manomi ne mai salla a kan lokaci, bai taɓa ɗaga wa matarsa Ikilima hannu ba. Aibinsa ɗaya ne: tun da ya yi wayo, bakinsa bai iya komai a gaban uwarsa ba sai “to, Inna”.

Ikilima ta daɗe da ciwon asma, wanda tsofaffi ke kira fuka. Inhela biyu take da su, wato abin shaƙar nan da ake fesawa a baki, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa. A daminar shekarar da kalanzir ya yi tsadar da kowa ya jingine risho ya koma murhu, ciwon ya kayar da ita, har wanta Zailani ya zo ya ɗauke ta zuwa wani babban asibiti a Kano. Suka dawo da na uku, mai launin shunayya, zagayayye kamar murfin ƙaramin kwano. Likitan ya yi bayani da sauri, rabi da Turanci, ba abin da ta riƙe. Don haka Abdulrahman ya kai ta Gwarzo wurin Sista Joan, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ta daɗe tana duba ta a wani ƙaramin asibiti.

Bayan sun gaisa ya ce, “Sista, abin da ya kawo mu shi ne, tunda an samu sabo, waɗannan tsofaffin sai a bar su, ko?”

Sista Joan ta karanta takardar likita, ta jera inhelolin uku a kan tebur, ta ture mai ruwan ƙasa gefe.

“Ɗaya za a bari, ɗaya ba za a bari ba. Wannan, aikinsa yana cikin sabon, haɗa su aka yi. Ki daina shi. Sabon kuwa safe da yamma, ko kina jin daɗi ko ba kya ji, in kin shaƙa ki kurkure baki. Amma shi yaɓen ɗaki ne, kafin ruwa ya sauko ake yin sa. Ranar da ƙirji ya toshe, irin wannan ba ya buɗe shi da wuri.” Ta ɗaga shuɗin. “Wannan ne mai buɗewa.”

Sai ta juyo ta dubi Abdulrahman. “Malam, da kai nake, don na san halin gidajenmu. Kada shuɗin nan ya rabu da jikinta. Gona, biki, ko banɗaki za ta shiga, yana tare da ita. Kuma ku raba ta da hayaƙi da ƙaiƙayi. Roƙon ka nake yi.”

“In sha Allahu, Sista,” in ji shi. Har zuciyarsa ya faɗa.

Sista ba ta bar su sun fita ba sai da Ikilima ta ƙulle shuɗin a haɓar zanenta.

Ko da suka isa gida, Inna Marka tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Ba ta tambayi jiki ba, cewa ta yi, “Mu gani.”

Abdulrahman ya durƙusa ya ajiye biyu a gabanta, ya ce ɗayan yana jikin mai shi.

“Uku?” in ji Inna. “Mutum ɗaya? A wannan zamanin da mutane ke raba ƙwaya ɗaya gida biyu? Kai Auta, magani biyu ba sa zama ciki ɗaya. Faɗa suke yi, mai cikin ya sha wahala. In sabo ya zo, tsoho sai ya ba da wuri.” Ta ɗauke mai ruwan ƙasa, ta miƙa wa Ikilima hannu. “Kwance wancan ma.”

Ikilima ta sunkuyar da kai. “Inna, Sista ta ce shi wannan…”

“Tara na haifa ban san wata Sista ba.”

Ikilima ta ɗago ta dubi mijinta. Maganar Sista tana nan a kunnensa ko awa uku ba ta yi ba, ya kuma ji amsar ta taso masa har maƙogwaro. Amma ya dubi furfurar uwarsa sai ya haɗiye.

“Ba ta, Ikilima,” ya ce. “Ai yana cikin gida. In kin buƙata sai a ɗauko.”

Ta kwance ƙullin a hankali ta miƙa.

Abin haushin shi ne, makonnin farko sun goyi bayan Inna. Sabon maganin ya yi aiki, Ikilima ta samu barci, har ta ɗan yi kumari. Inna ta riƙa faɗa wa maƙwabta, “Ba na faɗa ba? Da sun biye wa 'yan boko da yanzu sun cika mata ciki da shirgi.” Abdulrahman ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe maganar babba ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ran nan Inna ta tafi suna Kutama tun da safe, ta garƙame ɗakinta da kwaɗo, makulli a ƙugunta. Itacen ranar ɗanye ne, hayaƙi ya cika madafa. Da Abdulrahman ya dawo daga gona da azahar, ya tarar da Ikilima zaune a bakin ƙofar Inna, ta dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunta na hawa da sauka. 'Yarsu Badi'a, mai shekara shida, tana tsaye tana kallon ta. Kwaɗon ɗan ƙarami ne, dutse ɗaya ya ishe shi. Ya duba kwaɗon, ya duba matarsa, ya ɗauko mafici ya hau yi mata fifita. Wa ya isa ya fasa ɗakin uwarsa? Sai bayan la'asar Inna ta dawo. Ta buɗe tana mita, ta ba da shuɗin, fesa biyu ƙirjin ya saki. Ta karɓe abinta ta mayar gwangwani.

“Kun gani, ai ga shi ta kai yamma lafiya,” in ji ta.

Ana shirin girbin gero saƙo ya zo daga Gammo cewa Kawu Baƙo, ƙanen Inna, yana fama da tari. Inna ta kira autanta ɗaki, ta ƙulla daddawa da kuka a leda, ta ɗora shuɗin inhela a kai.

“Gobe ka kai wa kawunka. Na ga yadda yake buɗe ƙirji.”

“Inna, na Ikilima ne fa.”

“Ita ba tana da na masu kuɗi ba? Sai a ce ɗan'uwana yana can yana tari, ni ina zaune a kan magani? Me za a ce da ni a Gammo? Ko zumuncin ma matarka ta hana?”

Da ƙafarsa ya je ya hau motar Kabo mai bi ta Gammo, da hannunsa ya miƙa. Kawu Baƙo ya karɓa, ya jujjuya abin, ya sa albarka, ya jefa a aljihun riga. A hanyar dawowa Abdulrahman ya yi ta lallashin kansa: kaka ta kusa, da ya sayar da buhu ɗaya zai sayo wani, ba ma sai Ikilima ta sani ba. Mai son ya yaudari kansa ba ya rasa hujja.

Kwana biyar a tsakani, yana alwalar asuba, Ikilima ta fito ta tsaya a bayansa.

“Baban Badi'a, ka karɓo min shuɗin nan wurin Inna. Ƙirjina ya fara kuka.”

“Ki ƙara shaƙar sabon mana.”

“Na ƙara. Ba ya buɗewa, sai dai zuciyata ta yi ta bugawa, hannuna na rawa.”

Ya ci gaba da wanke ƙafar da ya riga ya wanke. Da ya ga ba ta da niyyar tafiya, ya faɗa mata gaskiya, idonsa a kan buta.

Ta dafa bango. Can ta ce, “Kai ka kai?”

“Kawu ne fa, Ikilima. Ciki ɗaya suka fito da Inna.”

“Na sani. Ni ce bare.” Ta tsaya ta ja numfashi. “Amma kana zaune Sista ta roƙe ka.”

“Ki yi haƙuri. Da an sayar da gero zan sayo miki sabo fil.”

Ta juya ta koma ɗaki. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Gero ya shigo gida, dammuna sun cika tsakar gida. Kafin a sayar sai an sussuka, sai an shiƙe. A da matan unguwa ake kira, a sallame su da 'yan kwanonin hatsi. Bana Inna ta ce ba kwano ɗaya da zai fita.

“Muna da mace a gida za mu kira na waje? A wannan tsadar?”

“Inna, an ce ƙaiƙayi ba ya yi mata,” in ji Abdulrahman.

“Ƙaiƙayi wa yake yi wa? Ta ɗaure hanci da kallabi. Mu da ciki wata tara muka yi sussuka. An kai ta Kano, an saya mata maganin da ko hakimi sai haka, to me ya rage? Lalaci ma ciwo ne, sai dai ba a fesa masa komai.”

Haka lissafin gidan ya tsaya: sai ta shaƙi ƙaiƙayi kafin a samu abin sayen maganin ƙaiƙayi. Abdulrahman ya ga karkatar abin sarai, amma ya ce a ransa kwana huɗu ne kawai.

Ranar farko Ikilima ta gama aikin da tari. Rana ta biyu tun daga zaure yake jin ƙirjinta yana fito. Da ta tsaya salla ta kasa kai Fatiha ƙarshe ba ta huta sau uku ba, sai ta zauna ta idar. Tuwo ma loma biyu ta yi ta ture, wai haɗiya tana tare mata iska. Rana ta uku ta durƙusa a gaban Inna ta roƙi a bar ta ta je wurin Sista.

“In an gama geron kya je,” in ji Inna. “Yanzu zamanin Shari'a ne, matar aure ba ta yawon titi kullum kamar mai talla.”

Inna ba ta san komai a Shari'a ba sai abin da ya yi daidai da son ranta. Abdulrahman ya yi karatun allo, ya san ba littafin da ya hana mara lafiya neman magani. Wannan ma ya haɗiye.

Rana ta huɗu da hantsi yana kan rumbu yana gyaran jinka, sai ya ji sautin taɓarya ya yanke. Ya leƙo. Ikilima ta durƙusa ta rungume turmi, kallabin ya zame, bakinta a buɗe. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe, leɓɓanta sun yi duhu. Fiton nan da ya ishe shi kwana uku ya ɗauke, ya ji daɗi na ɗan lokaci, bai san iskar ce ta daina shiga ba. Ta ɗaga hannu tana nuna ɗakin Inna.

Ya diro ya faɗa ɗakin ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya jawo gwangwanin ya kifar a ƙasa. Ƙwayoyi suka watse, kwalba ta gangara ƙarƙashin gado. Ya hau tonawa da hannu biyu kamar mahaukaci, alhali ya fi kowa sanin inda abin yake, shi ya kai shi. Ya fito da mai ruwan ƙasa ya fesa mata. Ya ɗauko mai shunayya ya kara mata a baki, ba ta da ƙarfin ja. Inna kuwa ta taho da garwashi a kasko ta barbaɗa wani ganye, tana cewa a turara mata.

“Inna, hayaƙi ne!” Yau ya ɗaga murya, sai dai ya makara.

Ya fita da gudu ya tari Lukuman ɗan acaɓa a bakin masallaci. Lukuman ya ja baya.

“Malam, ka san an hana mu ɗaukar mata. Babur ɗin ba nawa ba ne, in aka ƙwace me zan gaya wa mai shi?”

“Mutuwa za ta yi, Lukuman! Don girman Allah!”

Lukuman ya leƙa zauren, ya ga yadda aka fito da ita, ya buga babur. “Hau tsakiya, ita a bayanka. Allah yana gani.”

Aka ɗaure ta da zane a bayan mijinta kamar goyo. Suka kama hanyar Gwarzo. Yana jin ɗumin numfashinta a ƙeyarsa, kaɗan-kaɗan, da nisa tsakani. Ya yi ta yi mata magana, yana cewa sun kusa, yana cewa yau zai sayo mata biyu, ɗaya a zane ɗaya a ƙarƙashin matashi. Suna hango rufin kwanon garin ya ji kanta ya yi nauyi a kafaɗarsa, ƙeyarsa ta yi sanyi. Ya ci gaba da magana har ƙofar asibiti.

Sista Joan ta yi duk abin da ake yi, ta daɗe tana yi. Da ta haƙura, ta kai hannu haɓar zanen Ikilima. Wurin ƙullin yana nan a murɗe, ba komai a ciki.

“Ina shuɗin?”

Ya kasa ɗaga kai.

Ba ta yi masa tsawa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskar, ta ce, “Malam, na roƙe ka fa.”

A zaman makoki kowa da abin da yake faɗa. Kwana ne ya ƙare. Wa'adi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai na Allah ne, ba mai musu. Amma wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi, kuma a gidan nan da hannu aka kwance shi. A cikin gida ana jin muryar Inna tana faɗa wa mata masu gaisuwa, “Ba abin da ba a yi mata ba. Har maganin Kano an saya.” Mata suna gyaɗa kai suna cewa ta yi ƙoƙari, samun suruka irinta sai an tona. Zailani ya zauna kwana biyu a kan tabarmar maza bai dubi inda Abdulrahman yake ba, ya tashi ya koma Kano. Geron da ya rage matan unguwa suka sussuke shi a yini ɗaya, kyauta, saboda zumunci.

Ranar sadakar uku Kawu Baƙo ya iso daga Gammo, garau da shi, ko gyaran murya ba ya yi. Bayan an shafa addu'a ya shiga ciki gaida yayarsa, ya aika a kira Auta. Abdulrahman ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

“Sai haƙuri, Auta. Allah ya jiƙanta, yarinya mai ladabi.” Kawu ya laluba aljihu. “Af, kafin in manta, ga abinku. Na juya shi na juya, ban ga ta inda ake shan sa ba. Tarin ma zuma da citta ne suka kore shi. Yadda ka kawo min haka yake.”

Ya ɗora shuɗin a tafin hannun Abdulrahman.

Abdulrahman ya girgiza shi a kusa da kunne, yadda ya saba ganin Ikilima tana yi. Ya ji ruwan yana motsi, ko rabinsa ba a sha ba. Bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a maƙabarta ba. Yanzu ne abin ya ƙwace masa, ya kifa kai a gwiwa yana shessheƙa, su Kawu suna cewa ya yi tawakkali.

Inna ta jira ya lafa. Sannan ta jawo gwangwanin, wanda ta riga ta tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya ta mayar, ta miƙa hannu.

“Kawo nan, Auta. Ba a zubar da magani, wani zai buƙata.”

Ya miƙa da hannu biyu. Ta jefa shi ciki, ya faɗa kan mai ruwan ƙasa da mai shunayya. Waɗanda ta ce ba sa zama ciki ɗaya, ga su sun zauna lafiya a gwangwani ɗaya.

Daga tsakar gida, kusa da tulin ƙaiƙayin da ba a kwashe ba, Badi'a ta yi tari. Ta sake yi, da wani siririn fito a ƙarshensa. Abdulrahman ya ɗago da sauri, ya san wannan sautin.

Inna ta karkata kunne, ta danna murfin gwangwanin da tafin hannu.

“Ka ji wannan ma ta fara,” ta ce. “Kada ka wahalar da kanka da asibiti. An jima zan duba mata wani abu a ciki.”

Ya dubi 'yarsa, ya dubi gwangwanin, ya dubi furfurar uwarsa.

“To, Inna,” in ji shi.